Wa ya cinye wurin fakin ɗin kwastoma?

Ranar Asabar na je wata filaza a cikin birnin Kano zan karɓi ɗinki. Aikin minti biyar ne, amma sai da na zaga layin sau uku kafin na samu inda zan cusa mota, shi ma ƙafa ɗaya a kan kwalta ɗaya a bakin kwata. Da na shiga sai telan ya fara yi mini ƙorafin kasuwa ta mutu, mutane ba sa zuwa. Na ce, "Malam, waccan baƙar motar da ke ƙofar shagonka ta wace ce?" Ya ce tasa ce. Tun ƙarfe tara na safe take wurin, kuma ba za ta motsa ba sai bayan isha'i. Ta kusa da ita ta maƙwabcinsa ce mai sayar da turare. Haka jerin yake har ƙarshen ginin.

Mun saba cewa matsalarmu ƙarancin fili ce. Ni dai ina ganin kafin a kai ga fili, rashin ƙidaya ne ke cin mu. Masu nazarin wannan fanni abu uku suke fara tambaya: a kowace awa gurbi nawa ne a cike, mota ɗaya tana ɗaukar tsawon wane lokaci, sannan mota nawa ke amfani da gurbi ɗaya a yini. Ba ya bukatar kwamfuta. Mutum ɗaya da littafi da biro ya isa, yana zagawa duk bayan rabin awa yana rubuta lambobin motoci. Idan kwastoma kan yi rabin awa, gurbi ɗaya zai iya karɓar mutum ashirin a awa goma. Idan mai shago ya ajiye tasa, mutum ɗaya ya karɓa, kuma shi ba sayen komai zai yi ba.

Sai maganar awo, wadda masu gini a wurinmu suke ɗauka kamar wasa. Gurbin ƙaramar mota kusan mita 2.5 ne a faɗi, mita 5 a tsawo. Idan motoci za su tsaya a miƙe, hanci na kallon bango, ana bukatar hanya mai faɗin wajen mita 6 a bayansu don direba ya yi ribas ya fita ba tare da ya gogi ta wani ba. Jeri biyu da hanya a tsakiya ke nan mita 16. Idan filin bai kai haka ba, sai a karkata guraben, a mayar da hanyar ta shiga ta nan a fita ta can. A haka hanyar tana iya raguwa sosai kuma shiga ta fi sauƙi, sai dai guraben da za a samu a jeri ɗaya sun ragu. Idan aka haɗa gurbi da rabonsa na hanya da ƙofa, mota ɗaya tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30. Fuloti hamsin-ɗari bai kai murabba'in mita 500 ba, wato ko ba a ɗora bulo ɗaya a kansa ba, motocin da zai ɗauka cikin walwala ba za su kai ashirin ba. To ka duba wanda ya zuba shaguna arba'in a irin wannan fili, ya bar wata 'yar tsiririyar baranda a gaba ya ce nan ne wurin fakin. Motocin ba ɓacewa za su yi ba. Titin gwamnati za su hau, mai tafiya a ƙafa ya koma tsakiyar kwalta yana goga kafaɗa da a-daidaita-sahu.

Na san wani zai ce to a tilasta wa kowane gini ya ware babban fili. Amurka ta bi wannan hanyar shekaru masu yawa, kuma ba ta ji da daɗi ba. Dokokin garuruwansu sun ɗora wa kowane shago da gidan abinci adadin guraben da dole ya tanada, sai gine-gine suka nesanta da juna, kuɗin filin ya shiga cikin haya da farashin kaya, har wanda ba shi da ko keke yana biya. Birnin Buffalo ya soke wannan doka gaba ɗaya a 2017, wasu suka biyo baya. Marigayi Farfesa Donald Shoup na jami'ar UCLA, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan batu, shi ya fi kowa tona asirin abin. Shi da ɗalibansa sun yi ƙidaya a unguwar Westwood ta Los Angeles, suka gano cewa zagayen neman wurin fakin kawai, a 'yan layuka goma sha biyar, ya kai mil 950,000 a shekara. Man fetur da hayaƙi ke nan na mutanen da sun riga sun iso inda za su.

Shawararsa ita ce a sa wa bakin titi kuɗi daidai yadda kusan kashi 85 cikin ɗari na guraben za su cika, a riƙa samun ɗaya ko biyu a buɗe a kowane layi. Birnin San Francisco ya gwada haka daga 2011, farashi na hawa da sauka gwargwadon cikar wuri. A tsohon garin Pasadena kuwa, tun 1993 aka riƙa mayar da kuɗin fakin a kan gyaran layukan da aka karɓe shi, shi ya sa 'yan kasuwar suka yarda. Japan ta ɓullo ta wata hanyar: tun 1962 ba ka yi wa mota rajista a manyan garuruwa sai ka nuna shaidar inda za ta kwana.

Ina jin masu cewa, "Haraji kuma? Da wanne za mu ji?" Gaskiyarku, ni ma aljihuna ya gaji. Amma ai muna biya tun tuni. Je ka kewayen Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ka tsaya, kafin ka kashe mota wani yaro ya iso da sandarsa, ka ba shi ba rasit, ba layi a ƙasa, ba wanda zai ce maka ga inda kuɗin ya tafi. Abin da nake ƙi shi ne a kawo kamfani ya fara karɓa da kama motoci kafin a shafa fenti ko ɗaya.

Da ni ne shugaban 'yan kasuwar waccan filaza, ba zan jira hukuma ba. Zan sa a yi ƙidayar mako guda. Zan nemi wani kango a bayan layi mu kama haya, masu shaguna su riƙa ajiye nasu a can su tako. Guraben gaba a ja musu layi, awa ɗaya ta farko kyauta, bayan nan a biya. Motar sauke kaya ta zo kafin takwas na safe, a ware kusurwa ɗaya don babura, gurbin da ya fi kusa da ƙofa a faɗaɗa shi don masu keken guragu da tsofaffi. Na faɗa wa telan haka yana ninke mini kaya. Ya yi dariya ya ce shi ba zai iya barin motarsa inda idonsa ba ya gani ba.