Arahar Watan Maris

Ɗan ƙanwata ne ya ja mini. Yana karatun likita a Jojiya, wata 'yar ƙasa da ke matse tsakanin Rasha da Turkiyya, wadda mutanenta kaf ba su cika miliyan huɗu ba. Tun da yaron nan ya sa ƙafa can, ba zai kira ya gaishe ni ya ajiye waya ba sai ya ce, "Kawu, ya kamata ka zo ka ga duwatsu." Ni kuwa amsata ɗaya ce: wane dutse za a nuna wa mutumin da ya hau Kwatarkwashi tun uwarka tana goye?

Da na ga ya nace, sai na tambaye shi wane lokaci ya fi. Ya ce Yuli ko Agusta, sa'ad da ciyawa ta rufe tsaunuka, hanyoyi duk a buɗe, sai dai masauki da mota suna tsada saboda baƙi sun cika gari. Na ce to yaushe ne baƙin ba sa nan? Ya yi jim, ya ce Maris. Masu wasan zamiya a kan ƙanƙara sun kusa tattara komatsansu, masu yawon dutse da ƙafa ba su iso ba, masu masauki kuwa roƙon baƙo suke yi. Ya ƙara da cewa, "Amma fa Kawu..." Ban bari ya ƙarasa ba. Shekara da shekaru ina sayar da yadi a kasuwar Gusau, ba yaro ne zai koya mini cewa ba a sayen rago ranar jajibiri ba.

Neman rigar sanyi a Gusau cikin Maris, zafi na neman kai maki 40, shi kansa aiki ne. Mai gwanjo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, lahiya dai ko?" Sai da ya shiga ƙuryar shago ya kwance dilar da ya ɗaure tun ƙarshen hunturu. Na gwada wata jibgegiya mai gashi a wuya da tsakar rana, gumi na bin bayana, yaran shago suna leƙe suna ƙunshe dariya. Na same ta rabin kuɗi, kun ga araha ta fara tun ban bar gari ba. Hajiya ta ce in haɗa da takalmi mai kauri irin na sojoji. Na ce sau-cikina na zuwa ɗaurin aure bai taɓa ba ni kunya ba. Ta ce, "To, Allah shi kiyaye hanya," da muryar nan da take yi idan ta riga ta san ƙarshen zance. Buta dai ita ta cusa mini a jaka, kuma a kan wannan har gobe ina sa mata albarka.

Daga Abuja sai Istanbul, daga nan sai Tibilisi, babban birninsu. Nan ba laifi. Sanyi ne na mutunci, da ɗan yayyafi. Muka yi Juma'a a masallacin tsohon gari, inda 'yan Sunna da 'yan Shi'a ke sallah a ɗaki ɗaya ba tare da an kira 'yan sanda ba, muka gangara wajen gidajen wankan ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, masu warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce wa Likita, don haka nake kiransa tun bai gama ba, "Wanga ne sanyin da kake ba ni tsoro da shi?" Ya ce, "Kawu, ai ba mu hau ba tukuna."

Inda za mu hau shi ne Kazbegi, kusa da iyakar Rasha, tafiyar kilomita 150 ko makamancin haka. A takarda sunan garin Stepantsminda, amma ko 'yan kamasho a tashar Didube Kazbegi suke kira. A tashar ne na fara ganin ɗaya fuskar araha. Ƙaramar motar haya ba ta tashi sai ta cika, fasinja kuwa a Maris sai an yi addu'a. Direba ya ce mu biya kuɗin kujerun da ba kowa mu tafi yanzu. Na ce wa Likita ya gaya masa da yarensu cewa ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa biya wa iska kuɗin mota ba. Muka zauna. Ina kallon allunan tasha, rubutunsu mai harufa 33 duk a nannaɗe, ko ɗaya ban iya karantawa ba. Hantsi ya wuce kafin Allah ya kawo wata tsohuwa da buhu, da wani mutum rungume da tayar mota. Direba ya dube ni ya yi wata magana. Likita ya ƙi fassarawa.

Hanyar, wadda suke kira Hanyar Soja, ita kaɗai ce a buɗe tsakanin Jojiya da Rasha, don haka duk tirelolin Armeniya da na Turkiyya masu zuwa Rasha nan suke bi. Ga su nan jere a gefen titi, direbobinsu sun kunna risho suna dafa shayi, alamar ba yau suka fara jira ba. Muka wuce madatsar ruwan Jinbali da ganuwar Ananuri. A hotunan da Likita ke turo mini ruwan shuɗi ne shar har bakin ganuwa. Ni abin da na tarar, ruwan ya ja baya ya bar laka, rumfunan masu tsaraba yawanci a kulle. Daga nan mota ta kama hawa tana lanƙwasa, hagu dutse, dama rami. Direban namu mutum ne mai addini: duk cocin da muka gifta sai ya saki sitiyari ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, kuma ƙasar nan kowane tudu da cocinsa. Shi yana nasa, ni ina nawa a kujerar baya, ban taɓa karanta addu'ar hawa abin hawa da fahimtar ma'anarta irin ta ranar ba.

Bayan Gudauri, garin 'yan zamiya, akwai wani katafaren gini zagayayye a bakin kwazazzabo, an yi shi a 1983 don cikar shekara 200 da yarjejeniyar da Jojiya ta ƙulla da Rasha a 1783. Na ce a tsaya in yi hoto. Na cire hular sanyi na kafa zanna-bukar ɗina, don kada mutanen gida su ce na je ƙasar mutane na zubar da girma. Iska ta zo ta yi sallama da ita. Ina tsaye ina kallo hular nan ta yi sama, ta yi juyi, ta gangara kwarin da ko akuya ba za ta bi ta ba. Mai tayar mota ya cire tasa hular ya riƙe a ƙirji, ya yi mini ta'aziyya da ido.

Muka tsallake mashigin Jibari, wajen mita 2,400 sama da teku, kunnuwana suka toshe, ƙanƙara a gefen titi ta fi motar tsawo. Muka gangara Kazbegi da la'asar, gari tsit, sai hayaƙi daga rufin gidaje da shanu masu gashi suna yawo a titi. Masaukinmu gidan wata dattijuwa ne, kuma mu kaɗai ne baƙi. Ta rage mana kuɗi tun kafin in buɗe baki, abin da ya ɗan ɓata mini rai, don na zo da shirin ciniki. Ashe ragin da dalilinsa: ɗaki ɗaya take ɗumamawa a wannan lokaci, sauran gidan kuwa, har da banɗaki, an bar wa Allah. Na taɓa ruwan famfo zan yi alwala, sai da na tuno duk babin taimama da muka karanta a makarantar zaure. Likita ya ce a dafa ruwa a zuba a buta. Na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas yadda na saba tun ina yaro, yaron nan ya kama kafaɗata ya juya ni kudu, ya ce, "Kawu, daga nan Makka tana ƙasa da mu." Ɗan da aka yi suna a gabana, yau shi ke nuna mini alƙibla.

Batun abinci, tun daga gida nake fargabar naman alade, don an ce har cikin ƙullin fulawarsu mai romo da ake kira kinkali wasu na haɗa shi da naman shanu. Sai muka yi sa'a, ko in ce rabin sa'a. Lokacin ya faɗo cikin babban azumin Kiristocinsu na Otodoks, wanda masu riƙo da shi ke barin nama da madara da ƙwai har zuwa Ista, kuma dattijuwar nan ba ta wasa da shi. Abin da ke tukunyarta wake ne. Da dare wake a 'yar tukunyar ƙasa, lobiyo. Da safe burodi mai wake a ciki, lobiyani. Da ta ga ina rawar ɗari ta kawo wani farin ruwa a ɗan kofi, ta ce maganin sanyi ne. Na kai hanci, sai da idona ya yi ruwa. Likita ya yi wuf ya karɓe, ya ce sunanta caca, giyar inabi ce mai ƙarfi. Na ce abin da sunansa caca ai ko ruwan Zamzam aka ce ne sai a yi bincike. Ta yi dariya, ta ƙaro wake.

Abin da ake zuwa gani a garin nan biyu ne: tsaunin Kazbek, wanda ya haura mita 5,000, da wani tsohon coci na ƙarni na 14 da ake kira Gergeti, a kan tudu mai tsawon mita 2,170, tsaunin na tsaye a bayansa. Ni dai tun da muka iso ban ga ko ɗaya ba. Gajimare ya sauko ya zauna. Na tambayi dattijuwa ina dutsen, ta nuna sama da cokali, sannan ta nuna kalandar da ke bango.

Masu manyan motocin Delica da ke kai mutane cocin suna zaune a dandali ba ciniki. Suka faɗi kuɗi, na taya, suka ƙi, na juya ina jiran a kira ni. Ba wanda ya kira. Na ce wa Likita hawan mita ɗari huɗu da 'yan kai ne, mu taka. Ba mu fita gari ba wani ƙaton kare, tsayinsa ya kai ƙuguna, da 'yar alama a kunne, ya biyo mu. Likita ya ce alamar tana nufin an yi masa allura, kuma karnukan nan sun saba raka baƙi. Na ce ni ban ɗauki ɗan rakiya ba. Na yi masa "kai!", na yi masa "tafi!", har jifa na gwada da dunƙulen ƙanƙara, ya cafe da baki ya dawo yana kaɗa wutsiya. Baƙi sun yi ƙaranci, shi ma kasuwarsa ta mutu, ya samu Alhaji guda ba zai saki ba.

Ƙanƙarar Maris ba irin ta hoto ba ce. Da rana ta narke ta zama caɓi, da dare ta daskare ta zama gilashi, da hantsi kuma ka samu duka biyun, ɗaya a kan ɗaya. Sau-cikina mai santsin ƙasa ya fara nuna hali. Taku biyu gaba, ɗaya baya, numfashi na fita da ƙyar, shaddata ta sha laka har gwiwa. A wata gangara ƙafafuna suka yi gaba suka bar ni, na zauna daɓas, na tafi da gudu a zaune, ina salati, karen na bina a guje yana haushi don murna. Wasan zamiyar da Turawa ke biyan kuɗi su yi a Gudauri, ni kyauta na yi shi. Takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo, kuma karen ne ya tono shi. Yadda aka yi da wannan takalmi wajen wanki bakwai, labari ne na daban.

Likita, don ya rage mini zafi, ya ce ai a 1988 gwamnatin Sobiyat ta taɓa kafa keken igiya mai ɗaukar mutane har bakin cocin, mutanen gari suka ga an raina wurin ibadarsu suka rushe shi. Na ce sun kyauta, addini ba wasa ba ne, amma da sun bar shi zuwa ranar da zan zo.

Muka isa. Coci dai ga shi, baƙin dutse, na taɓa shi da hannuna. Bayansa kuwa fari fat. Likita ya tsayar da ni ya ce daidai nan Kazbek yake, ya ɗauki hoto. Na fito ni da kare, da farin bango a bayanmu.

Washegari aka ce an rufe hanya a mashigin saboda ana tsoron zaftarewar ƙanƙara, ba shiga ba fita sai an share. Kuɗin da na tsimi a mota da masauki ya koma aljihun dattijuwa a matsayin ƙarin kwana, wake kuma ya ci gaba da zuwa safe da dare. Duk wanda ya san wake ya san ba ya cin bashi ya ƙi biya. Asubar ranar da za a buɗe hanya, na idar da sallah ke nan cikina ya yi kira. Na ɗauki buta na shiga banɗakin nan mai sanyin kabari, na tattare rigar gwanjo, na dai samu na zauna. Sai na ji Likita daga tsakar gida yana ƙwala kira: "Kawu! Kawu! Ya fito! Dutsen ya fito!" Wai gajimare ya yaye, rana ta bugi ƙololuwar ta yi ja, cocin na ƙasansa ƙarami. Ni kuwa ina wurin da ba a katse wa mutum hanzari. Na yi iya saurina. Ko da na fito, buta a hannu, wando a karkace, an mayar da labule.

A majalisarmu ta bakin kasuwa na nuna hotona da kare, wani ya rantse a hanyar Kaura aka ɗauka ranar da hazo ya yi yawa. Don in kashe bakinsu na sa Likita ya turo bidiyon da ya ɗauka da asubar nan. Ban saurara ba na tura zauren WhatsApp na dangi da na 'yan kasuwa gaba ɗaya. Dutsen ya fito ras, ba ƙarya, Kwatarkwashi ko a gindinsa sai an nema. Sai dai a bayan hoton ana jin ƙarar buta, da muryar wani dattijo daga cikin banɗaki yana cewa, "Ka ce ya jira ni! Likita, ka ce ya jira ni!"

Jiya na tsaya kwance igiyar takalmi a ƙofar masallaci, liman ya tayar da sallah, sai na ji wani yaro daga sahun baya ya ce, "A ce wa liman ya jira Alhaji."