Bangon littafi suka yi wa hukunci

Wannan labari na samari biyu 'yan ƙasar Holan da suka sa wa Baibul bangon Alƙur'ani a ƙarshen 2015, suka fita titi suna karanta wa jama'a suna ɗaukar bidiyo, ya taɓa ni ƙwarai. Sun karanta 1 Timoti 2:12, inda aka hana mace koyarwa, da Maimaitawar Shari'a 25:12, inda aka ce a yanke hannun mace. Mutane suka yi ta girgiza kai, wai ai dama haka Musulunci yake. Da aka zare bangon, sai kunya ta rufe su.

Amma 'yan uwana Musulmi, don Allah kada mu ɗauki bidiyon nan mu mai da shi sanda. Kirista zai ce waɗannan ayoyi suna da mahallinsu da bayaninsu, kuma mu ma abin da muke faɗa ke nan duk lokacin da aka tsinko mana ayar yaƙi daga Suratut Tauba.

Kiristoci nawa ne suka san cewa Maryam ce kaɗai macen da Alƙur'ani ya ambata da suna, har da sura guda, ta 19? Mu kuma, mu nawa ne muka taɓa buɗe Linjilar Matiyu muka karanta Huɗubar Kan Dutse, wato wa'azin da Annabi Isa ya yi a kan dutse?