Tallafin adana kayan tarihi: wa zai biya kuɗin yaɓen baɗi?

Duk wanda ya taɓa kai yara yawon sallah gidan tarihi na Jos ya san wurin da nake nufi. Idan ka wuce gidan zu ka ɗan miƙa, sai ka ga ganuwar Kano tsaye a gabanka, ga kuma masallacin Juma'a na Zariya da bakan gizonsa, duk a tsakiyar duwatsun Filato. Kwaikwayo ne, amma da tubali da azara aka yi su, kamar yadda magina suka gada. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, shi ya tsara wurin a shekarun 1970, bayan ya shafe shekaru yana zagaya Najeriya yana auna fadoji da masallatai da gidajen talakawa. Masallacin na asali kuwa aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19.

Sai dai waɗannan gine-gine na ƙasar da ruwa ke da wa'adi ne, aka kawo su garin da ake zuba kusan milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu har Oktoba. Ginin ƙasa kuwa ba a gama shi. Kiwonsa ake yi kamar dabba. Kafin kowace damina sai an hau an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe. Shekarar da aka tsallake, ruwa zai samu ƙofa. Shekara uku a jere, sai dai a tara ƙasa.

Na fara da wannan ne saboda a ganina nan ne tsarin bayar da tallafin adana kayan tarihi da muhalli ya fi yin tuntuɓe a ƙasar nan. Kuɗin yana zuwa, ba a musun wannan. Amurka tana da asusun jakadunta na adana al'adu tun 2001, wanda tallafinsa ya sha kaiwa dala 500,000. Birtaniya ta buɗe nata asusun a 2016 ta hannun British Council. Babban ɗakin karatun Birtaniya yana da shirin ɗaukar hoton tsofaffin takardun da ke bakin lalacewa. A fannin daji da tsuntsaye, akwai shirin ƙananan tallafi da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke gudanarwa domin ƙungiyoyin al'umma. Amma kusan dukkansu a kan "aiki" aka gina su, wato abin da ke da ranar farawa, da ranar gamawa, da rahoton ƙarshe mai hotuna. Bango kuwa bai san ranar gamawa ba. Shi damina ya sani.

Bari in ba da abin da na gani da idona. Shekarun baya, matasan unguwarmu sun kafa ƙungiya domin ceto wani tsohon zaure da aka gina tun zamanin haƙar kuza, irin mai daurin guga, wanda dattawa ke cewa a nan fatake ke sauka. Suka nemi ɗan tallafi a wata cibiya, Allah ya taimake su suka samu. An sanar da su a watan Janairu, daidai lokacin da ya dace a kwaɓa ƙasa a bar tubali ya sha rana. Kuɗin bai shiga asusu ba sai Yuli, ana tsakiyar marka. Sharaɗi kuma shi ne a kashe shi cikin wata shida, kowane kwabo da rasit mai hatimi.

To, wa zai ba ka rasit na jar ƙasa? Matar da ke tara makuba daga kwanson ɗorawa ba ta da hatimi. Mai jakin da ke kawo ciyawar kwaɓi bai taɓa ganin takardar biyan kuɗi ba. Wanda ke da rasit shi ne mai shagon siminti. Saboda haka aka sayi siminti, aka shafe zauren ciki da waje, aka yi fenti, aka ɗauki hoto. Manyan baƙi suka zo aka yi jawabi.

Akwai wani tsohon magini da ba a nemi shawararsa ba, domin ba ya cikin kwamiti. Ranar bikin ya tsaya daga gefe, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya kasa kunne. Na ce masa, "Baba, ya ka gani?" Ya ce, "Ɗana, kun sa masa rigar leda. Zufa ce za ta kashe shi." Abin da yake nufi sananne ne ga duk mai sana'ar: bangon ƙasa yana shan laima daga ƙasa, yana fitar da ita ta jikinsa. Idan aka rufe shi da siminti, laimar ba ta da mafita, sai ƙasar ta riƙa ruɓewa a ɓoye. Damina ta biyu simintin ya fara ɓamɓarowa falle-falle, yana ɗauke da naman bangon. A takardar masu tallafi, aikin nan an kammala shi cikin nasara, kuma ba su yi ƙarya ba, domin babu layin da ya tambayi halin da bango zai shiga bayan shekara biyu.

Ba matasan nake zargi ba. Sun bi abin da fom ya ce. Fom ɗin ne aka rubuta shi da mutanen ofis a zuciya. Ana so ka zo da rajistar hukumar yi wa kamfanoni rajista, da asusun banki na ƙungiya, da bayanan kuɗi na shekarun baya da akanta ya duba, sannan ka rubuta shafuka da Turancin da ko mai digiri sai ya nemi taimako. Wa ke da waɗannan? Ƙungiyar da ke da ofis a Abuja da ma'aikacin da aikinsa kawai rubuta neman tallafi. Wa ba shi da su? Sarkin magina, da matan da ke gina tukwane, da malamin da ya gaji tarin littattafan hannu a gafaka gara na cin su, da mafarautan da suka san kowane lungu na dajin da ake son karewa. Sakamakon haka kaso mai tsoka na kuɗin yakan ƙare a ɗakin taron otal: jaka mai tambari, alƙalami, abincin rana, kuɗin mota, da allon sanarwa mai rubutun "wayar da kai". Ana wayar wa magini kai a kan ginin da kakansa ya yi.

Masu bayar da kuɗin suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Kuɗin harajin mutanensu ne ko na gidauniya, dole su yi bayaninsa. Sun sha ƙonewa. An sha karɓar tallafi da sunan ƙauyen da bai san an yi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma rasit ba ya hana sata. A ƙasar nan ɓarawon ofis ya fi kowa iya haɗa rasit. Abin da ke da wuyar ƙirƙira shi ne bango mai tsayuwa. Idan har mai tallafi yana son shaida, ga ta a sauƙaƙe: a raba kuɗin kashi-kashi na shekara biyar, a biya kowane kashi a watan Disamba ko Janairu, sannan a watan Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, wani ya zo ya ga wurin da idonsa ko a turo hoto ta waya daga kusurwa ɗaya kowace shekara. Bango na tsaye, a saki na gaba. Ya zube saboda sakaci, a rufe famfo. Naira miliyan ɗaya sau biyar ta fi miliyan biyar sau ɗaya amfani ga ginin ƙasa nesa ba kusa ba.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Laminga, gabas da Jos, akwai dajin Amurum, ɗan ƙaramin wuri mai faɗin kusan hekta 300, amma an ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 300 a cikinsa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis tana nan tun farkon shekarun 2000, haɗin gwiwa da Jami'ar Jos da ƙungiyar kare muhalli ta Najeriya da mutanen garin. Abin da ya riƙe dajin ba wani tallafin shekara ɗaya ba ne. Kuɗi ne da ya ci gaba da zuwa fiye da shekara ashirin, da ɗalibai masu zuwa karatun digiri na biyu, da 'yan garin da suka samu aiki a ciki. Ka duba tsaunukan da ke kewaye da babu mai kula da su, yadda gatari da masu fasa dutse suka yi da su, za ka gane bambancin.

A Mali ma, babban masallacin Djenne, wanda ginin yanzu na 1907 ne, yana tsaye ne domin kowace shekara gari kan fito kwansa da kwarkwatarsa a yi masa yaɓe. Matasa na hawa kan itatuwan da ke jikin bangon, mata na ɗebo ruwa, magina na ba da umarni. Ƙwararru daga waje sun taɓa zuwa sun yi masa babban gyara, amma da babu wannan gayya ta shekara-shekara da tuni ya koma tudu. Mu ma muna da gayya. Abin da ya rage mata shi ne ɗan kuɗin abinci da makuba da ladan gwani, wanda bai kai kuɗin ɗakin otal na kwana biyu ba.

Akwai kuma abin da tallafin waje ba zai taɓa yi mana ba. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa ta 1979 ce, kuma kula da waɗannan wurare haƙƙin gwamnati ne kafin ya zama alherin baƙo. Ganuwar Kano da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 da suka wuce, ba rashin dala ne ya fi cinye ta ba. Masu yanka fili ne da masu ɗibar ƙasa. Babu jakadan da zai hana wannan. Ƙasa mai girman Najeriya, wurare biyu kacal gare ta a jerin UNESCO na kayan tarihin duniya: Sukur a Adamawa tun 1999, da dajin Osun na Osogbo tun 2005. Idan gwamnatin jiha za ta sa sharaɗi ɗaya a kanta, to ya zama duk wurin da baƙo ya gyara, ita za ta sa kuɗin kula da shi a kasafin kowace shekara, a rubuce, kafin a yi bikin miƙawa.

A Jos maganar tana da wani kaifi na daban, kuma ba amfanin kauce mata. Tambayar "tarihin wa?" ba wasa ba ce a garin nan. Berom da Afizere da Anaguta suna da wurarensu. Hausawa da Yarbawa da Ibo da Urhobo da kuza ta jawo suna da nasu: tsofaffin masallatai da coci-coci, gidajen lebura, kududdufan haƙa, har da ragowar ƙaramin jirgin ƙasan da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957. Kwamitin da zai raba tallafi a asirce, ko da adalci ya yi, sai an ce ya yi son kai. Maganin shi ne ma'auni ɗaya da kowa zai iya gani: wanne ne zai fara faɗuwa idan ba a taɓa shi bana ba, kuma wa ya yarda zai ci gaba da kula da shi? A buga sunayen waɗanda suka nema, da waɗanda suka samu, da dalili, a karanta a rediyo da harsunan da mutane ke ji.

Na san wani zai ce, ana fama da kuɗin masara wa ke ta tsohon bango? Wani kuma zai ce kayan tarihi gumaka ne. Na biyun in ba shi amsa a taƙaice: babu mai bauta wa kawunan Nok a yau, wato tsofaffin kawunan yumɓu da aka tono a wannan yanki, shaida ce kawai cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce mutanen wannan yanki suna narka ƙarfe suna sarrafa yumɓu. Na farkon kuwa amsarsa tana cikin tarihin gidan tarihin kansa. A 1943 aka tono wani kan yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a, wani ma'aikaci ya kai shi gonar doyarsa ya kafa a matsayin mutum-mutumin korar tsuntsaye, kafin ya faɗa hannun Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, wanda ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Mutumin bai yi laifi ba, amfanin da ya gani ke nan. Bayan da dillalan Turai suka sa wa irin waɗannan kawuna farashi, sai ƙauyawa suka shiga tona ƙasa suna sayarwa da arha, domin nan ne kawai tarihin ya taɓa saka musu kuɗi a aljihu. Tallafin da ya biya matashi albashin gadi, ko ya biya yaro kuɗin koyon gini wurin gwani, kuɗin masara ne shi ma.

Zauren unguwarmu yana nan. An ɓamɓare sauran simintin bangon gabas, ƙasar ta fara shan iska. Baban nan ya tsufa, 'ya'yansa biyu Keke Napep suke ja, amma ya ce hannunsu bai manta ba. Ya lissafa mana abin da ake bukata: buhu shida na makuba, azara huɗu, da abincin mutum goma na kwana uku. Ya ce in an haɗa kafin ƙarshen Fabrairu zai zo ya zauna a inuwa ya nuna musu. Har yanzu muna neman fom ɗin da ke da gurbin rubuta makuba.