Benen Katako a Legas Ba Ya Son Gaggawar Birkila

A Kano, idan aka ɓamɓare tsohon tayil, siminti za a tarar a ƙasa. Birkila ya share, ya yayyafa ruwa, ya zuba sabon kwaɓi, shi ke nan. Da wannan al'adar ce 'yan uwanmu magina da yawa suke karɓar gyaran tsofaffin benaye a Ebute Metta da Yaba da cikin tsibirin Legas, inda za ka iske hawan sama falanki ne aka jera a kan ginshiƙan katako. Abin yana damuna, domin sunanmu ne yake ɓaci idan sabon daɓen katako ya kumbura kafin shekara ta zagayo.

A gida, bushewa ce ke wahalar da katako. Da hunturu ƙofa takan tsuke har ka hangi tsakar gida ta tsaga. Nan Legas kuwa a watan Yuni sai ka sa kafaɗa kafin ta rufu. Idan laimar iska ta kai kashi 80, katako yakan riƙe ruwan da ya kai kusan kashi 16 na nauyinsa. Shi ya sa ake so bambancin danshi tsakanin tsohon falanki da sabon katakon da za a shimfiɗa kada ya wuce kashi 4, kuma sabon ya yi kwanaki a ɗakin kafin a kafa shi. Duk wanda ya taɓa hango gungumen itace suna iyo a ruwan Oko Baba, wurin masu yankan katako, daga kan gadar Third Mainland ya san katakon garin nan sai an ba shi lokaci ya bushe.

Bayan an ɗaga tayil, ka durƙusa ta jikin bangon banɗaki ka duba. Za ka ga baƙin zobe kewaye da kan kowace ƙusa, alamar ruwa ya daɗe yana zama. Danna bakin sukudireba a wurin. In ya shige kamar cikin dafaffiyar doya, wannan falankin ya gama aiki, a cire shi, a leƙa ginshiƙin da ke ƙasa ko gara ta gina hanyarta ta laka. Wani maigida zai ce, “Malam, a rufe kawai, ai ba mai gani.” Ni dai ba na yarda, ko da aikin zai kuɓuce mini.

Ragowar gam da siminti a kankare su da cizal, kada a kwarara ruwa don su yi laushi. In tsohon tayil ɗin roba ne mai baƙin gam, kada a goge shi da inji, domin irin na da yakan ƙunshi wani ma'adini mai zare-zare da ake kira asbestos, ƙurarsa kuma tana lalata huhu. Falankin da ke kuka idan an taka, sukuru ne maganinsa, ƙusa takan saki. Sannan a ɗora miƙaƙƙiyar sanda mai tsawon mita 2: duk ramin da ya wuce milimita 3 a cike shi, tudu kuma a fere.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun gaji haƙurin wannan aiki. Iyayenmu mata sukan taru su yi ta bugun daɓe da madaɓi, su shafa makuba, su hana kowa shiga sai ya bushe. Zuwan siminti ne ya koya mana son a gama yau a karɓi kuɗi yau.

Wanda zai yi aikin a Disamba ko Janairu, lokacin da iskar hunturu ke ɗan leƙowa Legas, ya ƙara kula, don katakon yana tsuke ne a sannan. Ya bar tazarar milimita 10 tsakanin sabon daɓe da bango ta kowane gefe, saboda da ruwan Afrilu ya sauka katakon zai buɗe.