Bernkastel-Kues: garin giya da coci, da dalilin da ya sa nake cewa a je a gani

A cikin 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Jamus akwai waɗanda da zarar an ambaci garuruwan bakin Kogin Mosel sai su kau da kai, su ce ai can babu komai sai giya da coci, me mutum zai je nema. Ba ƙarya suka yi ba, domin Bernkastel-Kues, garin da bai wuce mutum 7,000 da 'yan kai ba, da giyar inabi ya yi suna a duniya, kuma da wuya ka yi taku goma a tsohuwar kasuwarsa ba ka ga ƙofar da ake sayar da ita ba. Duk da haka ina ganin wanda ya tsaya a kan wannan hujjar ya yi wa kansa asara, domin akwai wani gida a tsallaken gadar garin da ya kamata duk mai tunanin yadda sadaka ke ɗorewa bayan mutuwar mai ita ya je ya gani da idonsa.

Garuruwa biyu ne aka haɗe a 1905, Bernkastel a wannan gaɓar, Kues a waccan. Masu yawon buɗe ido a Bernkastel suke cunkushewa, suna ɗaukar hoton gidajen katako da wani siririn gida da aka gina a 1416 wanda samansa ya fi gindinsa faɗi, da hasumiyar cocin Mika'ilu mai baƙaƙen duwatsu, wadda asalinta hasumiyar tsaron gari ce kafin a mayar da ita ta ƙararrawa. Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne gonakin inabin da suka hau gangaren tsaunuka, inda tsayin ya kai har mota ba ta shiga, sai dai manomi ya hau da ƙafa ya tsinke da hannu. Ƙasar wurin ɓaraguzan wani baƙin dutse ne mai ɓarewa falle-falle, wanda ke shan zafin rana ya riƙe shi har dare, kuma da wannan dabarar ce inabin Riesling ke nuna a ƙasa mai sanyi irin wannan. Gargaɗi guda ga wanda zai je da kaka: akwai wani farin abin sha mai zaƙi da ake kira Federweisser wanda a ido kamar ruwan inabi ne zalla, alhali ya riga ya fara tsima yana zama giya. Wanda ba ya shan giya sai ya nemi Traubensaft, wato ruwan inabi zalla.

Gidan da nake nufi yana Kues, a bakin ruwa. Wanda ya kafa shi ɗan garin ne, Nikolaus na Kues, wanda aka haifa a 1401 a gidan wani attajiri mai jiragen ruwa, ya yi karatu har ya zama Kadinal, wato babban limamin cocin Katolika, kuma ɗaya daga cikin manyan masanan Turai na zamaninsa. A 1458 ya rubuta takardar kafa gidan tsofaffi da dukiyar gidansu, ya ƙayyade cewa tsofaffin maza matalauta 33 ne za su zauna, gwargwadon shekarun da Kiristoci suke cewa Annabi Isa ya yi a duniya, ya kuma bar wa gidan filaye da gonakin inabi domin amfaninsu ya riƙa ciyar da mazauna. Ya rasu a Italiya a 1464, aka binne gawarsa a Rum, amma zuciyarsa aka kawo ta ƙaramar majami'ar gidan, wadda ginshiƙi ɗaya tak ke ɗauke da rufinta daga tsakiya. Yaƙe-yaƙe sun bi ta kan yankin, dauloli sun zo sun shuɗe, amma yau fiye da shekara 560 ke nan tsofaffi na kwana suna tashi a gidan, kuma har yanzu yana da gonakinsa.

Mu da muka san wakafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don haka ba na cewa mu je mu koyo shi daga Turawa, kuma babu Musulmin da zai yarda a ciyar da miskinai da kuɗin giya. Abin da nake so a lura da shi shi ne tsarin. Mutumin bai tsaya ga gina gini ya sa sunansa a ƙofa ba, sai da ya haɗa shi da kadara mai haihuwa kowace shekara, ya rubuta wa za a ɗauka, wa zai shugabanta, wa zai sa ido a kan shugaban. Sau nawa muka ga attajiri ya gina makarantar marayu ko asibiti a garinmu, aka yi ta sa masa albarka, amma kafin a yi shekara biyar da rasuwarsa magada sun raba fili, rufi ya fara yoyo, malamai sun watse saboda babu albashi? Niyyar attajirin ba ta gaza ta wancan ba, takarda da kadara ne suka yi ƙaranci.

Akwai kuma ɗakin littattafansa a saman bene, mai rubuce-rubucen hannu sama da 300, da kayan auna taurari da ya saya. A cikinsu akwai fassarar Alƙur'ani ta Latin da aka yi a arewacin Sifaniya a 1143, wadda ya karanta ya yi mata ta'aliƙi a gefen shafi da hannunsa. Bayan Usmaniyawa sun ci Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, a 1453, a lokacin da mutane da yawa a Turai ke kiran a ɗaura yaƙi, shi sai ya rubuta littafi a kan zaman lafiya tsakanin addinai, ya kuma goyi bayan a zauna a yi muƙabala da Musulmi. Kada dai a ƙawata shi fiye da kima: littafin da ya rubuta daga baya a kan Alƙur'ani ya yi shi ne domin ya kare aƙidar Kirista, akwai maganganu a ciki da Musulmi ba zai ji daɗinsu ba, ga shi kuma fassarar da ya dogara da ita ba ta bi lafazin Larabci sau da ƙafa ba. Amma ya karanta kafin ya yi magana, abin da da yawa daga cikin masu jayayyar addini a Facebook, ta ɓangarorin biyu, ba su ɗauki wahalar yi ba.

Wanda ya yi niyyar zuwa ya sani cewa majami'ar da farfajiyar gidan a buɗe suke ga baƙi, amma ɗakin littattafan ba a shigarsa sai da ɗan rakiya a ranakun da aka keɓe, don haka gara a bincika tun kafin a kama hanya.