Gajeren titi ba zai raba tsakiyar gari da cunkoso ba

An sake fito da tsohuwar shawarar nan ta cewa a shimfiɗa wani gajeren titi da zai haɗa manyan hanyoyi biyu ta bayan gari, wai da zarar an buɗe shi motoci za su daina ratsa tsakiyar gari, cunkoso kuma ya zama tarihi. Abin da ya fi ba ni haushi a wannan karo shi ne yadda ake gabatar da maganar kamar an riga an gama nazari, alhali masu goyon bayan aikin ba su faɗa wa jama'a ko da abu ɗaya ba game da inda motocin da ke cunkushe tsakiyar garin suke fitowa da inda suke dosa.

Wannan tambaya ita ce tushen komai. Titin haɗi yana amfanar direban da ba shi da wata buƙata a cikin gari, wanda hanya ce kawai ta biyo da shi. Amma yawancin masu shiga tsakiyar gari can ɗin suka nufa, domin a can ofisoshi da bankuna da shaguna da asibitoci suke. Mai zuwa aiki ko sayayya ba zai kauce zuwa sabon titi ba, kuma motar da ta tsaya a gefen hanya tana sauke kaya, da mai kewaye yana neman wurin ajiye mota, duk suna nan inda aka bar su. Idan ba a ƙidaya waɗannan daban da masu wucewa ba, duk alƙawarin da aka yi na sauƙin zirga-zirga zato ne kawai, kuma da kuɗin jama'a za a biya wannan zaton.

Ko da a ce masu wucewar suna da yawa, akwai wata matsalar da masu tsara birane suka daɗe da saninta. A shekarar 1968 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Jamus, Dietrich Braess, ya nuna cewa ƙara gajeriyar hanya a cikin jerin tituna na iya tsawaita tafiyar kowa. Dalilin ba shi da wuyar fahimta: kowane direba yana zaɓar hanyar da ta fi masa sauƙi shi kaɗai, sai kowa ya karkata zuwa sabuwar hanyar a lokaci guda, mararrabar da ke bakinta da wadda ke ƙarshenta su cika, layin motoci ya miƙe har ya toshe tsofaffin titunan da a da suke tafiya daidai. Gajeren titi yana ƙara mahaɗa biyu aƙalla, kuma a mahaɗa ake samun cunkoso, domin a nan ne motoci ke jiran juna. Kwaltar da ke tsakani, komai kyanta, ba ta rage wannan jiran.

Sai kuma abin da ke biyo baya a hankali. Idan tafiya ta yi sauƙi na ɗan lokaci, wanda a da yake fita da sassafe don gudun cunkoso sai ya koma fita lokacin da kowa ke fita, wanda yake hawa motar haya sai ya fito da tasa, wanda yake haɗa buƙatu uku a fita ɗaya sai ya yi fita uku. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka Anthony Downs ya bayyana wannan tun 1962, kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan manyan hanyoyi ya tabbatar da shi a rahotonsa na 1994, sannan a 2011 masana tattalin arziki Gilles Duranton da Matthew Turner suka gano cewa a biranen Amurka yawan tafiyar motoci yana ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara. Garin Newbury na Ingila ya samu hanyar kewaye a 1998 bayan doguwar taƙaddama, amma ba a yi shekara goma ba cunkoson lokacin fita aiki a cikin garin ya kusan komawa yadda yake. Wannan fa hanya ce babba da aka kashe mata dukiya mai yawa, balle guntun titi.

Masu cewa kowane irin titi ya fi babu ba su kawo hujja ba, sun dai nuna gajiyarsu da zama cikin mota. Masu cewa aikin zai buɗe sababbin filaye don gine-gine kuwa sun faɗi gaskiyar abin da ake nema, sai dai gaskiyar tana rusa maganarsu, domin kowane gida da shago da aka gina a bakin sabon titin ƙarin motoci ne, da ƙarin ƙofofin shiga da fita da za su rage gudun titin. Ina ganin rashin adalci ne a karɓi filayen mutane, a rushe gidaje, a kai hayaƙi da ƙara ƙofar waɗanda suke zaune lafiya, duk da sunan magance cunkoso, sannan bayan 'yan shekaru a dawo a ce musu ana buƙatar faɗaɗa titin. Kuɗin gyara da kula da shi kuma ba ya ƙarewa ranar da ɗan kwangila ya kwashe kayan aikinsa.

Garuruwan da suka ga canji na gaske sun taɓa tsakiyar garin ne kai tsaye. Birnin Groningen na ƙasar Holan ya raba tsakiyarsa gida huɗu a 1977, ya hana motoci tsallakawa daga wani sashe zuwa wani sai sun fita sun bi hanyar kewaye, birnin Ghent na Beljiyam ma ya bi irin wannan tsari a 2017. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rushe wata babbar gadar sama a 2003 ya maido da rafin da aka binne a ƙarƙashinta, kuma tsaikon da aka yi ta hasashe bai auku ba. A irin wannan tsari ne kaɗai titin haɗi yake da amfani, wato idan an rufe wa masu wucewa tsohuwar hanya a ranar da aka buɗe sabuwa. Wannan mataki ne mai ɓata wa wasu rai, shi ya sa masu neman yabo suka fi son yanka kirtanin buɗe titi su yi shiru a kan sauran.

Kafin a ba da kwangila, a ƙidaya motocin a buga sakamakon kowa ya gani, a tsara lokutan sauke kaya, a hana ajiye motoci a kan manyan tituna, a ware wa motocin haya layinsu. Idan bayan haka masu shawarar suna nan a kan bakansu, to su fito su faɗi titin da za su rufe a tsakiyar gari, su kuma rubuta shi a cikin takardar aikin tun daga farko.