Masaƙan Brussels ne suka cancanci yabon

Duk lokacin da na ga hotunan dardumomin bango da aka saƙa a Turai cikin ƙarni na 16, masu ɗauke da almarar Girkawa da Rumawa, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ambaton sarkin da ya saya da mai zanen da ya tsara, a manta da hannun da ya riƙe zaren.

Sarakunan suna da manufarsu. Sarki Henry na 8 na Ingila, wanda ya rasu a 1547 ya bar dardumomi fiye da 2,000, ya rataya labarin jarumi Hercules a fadarsa domin baƙo ya kalli bango ya tuna da ƙarfin mai gida. Kiristoci ne, ba bautar allolin almarar suke yi ba, aron darajarsu kawai suka yi.

Aikin kuwa a Brussels, cikin Beljiyam ta yau, aka fi yin sa. Masaƙi yana zaune ne ta bayan dardumar, zanen yana shimfiɗe a ƙarƙashin zaren, yana haɗa ulu da alharini da zaren zinariya da na azurfa, kuma idan aikin mai kyau ne ba ya kammala ko murabba'in mita 1 a wata. A haka masaƙar Willem de Pannemaker ta fitar da dardumomi 8 na soyayyar Mercury, ɗaya daga allolin Rumawa, da gimbiya Herse wajen 1570, labarin da aka ɗauko daga waƙar Ovid, wani mawaƙin tsohuwar Ruma. Mai zane ya ba da siffa, amma masaƙi ne ya san launin da zai jera kusa da wani har fatar mutum ta fito kamar mai rai, kuma a ganina wannan ilimi bai gaza na mai zanen ba ko kaɗan.

Shi Ovid ɗin ne ya kawo labarin Arachne, budurwar da ta yi gasar saƙa da allahiya Minerva, ba a sami aibi a saƙarta ba, amma aka yaga ta, ita kuma aka mayar da ita gizo-gizo. Nakan tuna da ita idan na karanta cewa a 1797 gwamnatin Faransa ta ƙona wasu daga cikin mafiya kyawun dardumomin fada domin a tace zinariya da azurfar da ke cikinsu a biya bashi. Wannan ƙonawa tana sosa mini rai har yau.